Igiyar Rayyis

Salamu alaikum, masu karatu. Ku gyara zama, yau zan faɗa muku abin da na daɗe ina kewaye shi. Na san wasunku za su ce wace irin mace ce wannan, mijinta ya mutu ba ta yi kuka ba, ta zo tana ba mu labarin kare. Ku faɗa, ba ku ne na farko ba. Innata ma ta faɗa, kuma a gaban idona.

Sunana Mastura. A Karantina aka haife ni, can kudancin Jidda. Iyayena Hausawan Sudan ne da suka zo hajji suka zauna. A shekarar da nake ba ku labari, 1974, ina da shekara ashirin da uku, aurena bai cika shekara biyu ba. Mijina ɗan dako ne a mina, wato tashar jiragen ruwa. Sunansa Na'ibi. Kun ga yanzu na rubuta shi ba wahala, amma yana raye ban taɓa furta shi ba. Malam nake ce masa, shi kuma ya yi dariya ya ce malamin buhu.

Ranar wata Talata ya fita a kan kekensa kamar kullum. Bai tafi da rawaninsa ruwan ɗorawa ba, don na wanke shi bai bushe ba. Kafin azahar igiyar ƙugiya ta tsinke, buhunan siminti suka sauko masa. Daga asibiti aka wuce da shi masallaci, daga masallaci sai maƙabarta. Maza suka ce gara kada in gani, ban kuwa gani ba. Abin da aka kawo mini gida shi ne kwanon abincinsa, da sauran shinkafa a ciki.

Mata suka cika tsakar gida suna kuka. Ni ina zaune a kan tabarma ina lura da cewa an cika wa shayi sukari. Na jira kukan ya zo, bai zo ba. Na matse idona, na tuno fuskarsa, na tuno yadda yake kaɗa ƙararrawar keke sau biyu in ya shawo kwanar lungunmu, duk a banza. Ba baƙin ciki nake ji ba, ba kuma haƙuri ba ne, ko da yake haka mutane suka ɗauka. Ba na jin komai ne kawai.

Aka sa ni takaba, wata huɗu da kwana goma. Farin zane, farin mayafi, ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba taka ƙofar gida. Innata, Hajiya Turai, ta kwaso kayanta ta dawo wurina, don mahaifina ya riga ya rasu. Gidan ɗaki ɗaya ne na katako da kwano, sai 'yar tsakar gida da aka kewaye da allunan sanduƙan mina. Tsakanin allo da allo akwai 'yar kafa, in ka sa ido kana ganin lungu har kwana.

Kwana biyu bayan sadakar arba'in, da hantsi, Inna ta buɗe wa mai ruwa ƙofa ta yi baya da sauri.

"A'uzu billahi! Ke Mastura, zo ki ga abin da ya kwanta mana a ƙofa."

Na zo na tsaya daga ciki. Kare ne ja, kunnensa ɗaya a karye, haƙarƙarinsa duk a waje, cikinsa kuma a kumbure. Ya ɗago kai ya dube ni, sai tari ya sarƙe shi, irin tarin tsohon da ya daɗe yana shan taba.

Ban taɓa ganinsa ba, amma na san shi. Rayyis ne. Wasu ma'aikatan jirgi ne suka tafi suka bar shi a mina, Malam ya riƙa raba abincin ranarsa da shi. Saboda shi nake ƙara ludayi guda a kwanon kullum ina mita. Wani lokaci yakan biyo keken har kwanar lungu, sai in ji muryar Malam daga nesa: "Rayyis, halas, ya isa haka, koma!" Bai taɓa barinsa ya iso ƙofa ba, don ya san halin unguwa.

"Miƙo mini muciya in kore shi," in ji Inna.

"Na Malam ne."

Ta juyo ta dube ni. Tun ranar Talatar nan ban haɗa kalma uku a jere ba sai yau.

"Na Malam ne sai me? Najasa ce! Gidan takaba, gidan da ake sauke Alƙur'ani, ki shigo da kare? Mala'iku ta ina za su shigo?"

"In ya kwana a waje zai ci naman da ake jefawa."

A lokacin ana jefa nama mai guba a lunguna saboda karnukan titi. Da safe sai ka ga an ja su da igiya.

Maƙwabciyarmu Gwaggo Dela, mai waina a bakin lungu, ita ta raba gardamar. Mace ce da ba a yin magana a Karantina ba da bakinta ba. Ta leƙo da tsinken juya waina a hannu.

"Turai, ai karen gadi an halatta shi. Mata biyu a gida ba namiji, wa zai ce kun yi laifi?"

"Wannan ne zai yi gadin? Dela, dube shi fa. Shi ma gadinsa za a yi."

"To ba ɗaki za ta kai shi ba. Ki bar yarinya ta sami abin yi da hannunta."

Haka Rayyis ya shigo. Akwai wani babban sanduƙin katako a kusurwa da Malam ya kawo zai yi mini kabad da shi, bai samu ya yi ba. Na kwantar da shi a gefe, na shimfiɗa buhu a ciki. Kada ku ɗauka tausayi ne ya kama ni. Na ga dai abu ne na Malam, kamar butarsa da takalminsa, kuma ba a barin kayan mutum a titi.

Washegari wani mutum ya yi sallama. Inna ta saki labulen buhu a ƙofar ɗaki, na zauna a bayansa. Ta kafar labulen na ga dogo ne siriri, da gilashin da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ya ce sunansa Hamad, abokin marigayi ne, yana aiki ƙarƙashin likitan dabbobi a inda ake sauke ragunan Sudan. Kwana uku ke nan yana neman karen.

Yana cikin yi wa Inna ta'aziyya Rayyis ya yi tari. Hamad ya katse maganarsa, ya je ya durƙusa a bakin sanduƙin, ya daɗe da tafin hannunsa a ƙirjin karen.

"Khala," ya ce wa Inna, wato gwaggo da Larabci, "wannan ba tarin sanyi ba ne."

"Ko na mene ne, ɗauke shi ka tafi da shi, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

"A mina ba wanda zai kula da shi. Ɗakina kuma mu shida ne." Ya juyo wajen labulen, idonsa a ƙasa. "Hajiya, kin yarda in ɗebi jininsa in kai wa daktur?"

"Ɗiba," na ce.

Ku da kuka taso da waya a hannu ba za ku gane ba. Mu saƙonmu takarda ce, kuma namiji ba ya miƙa wa mai takaba takarda. Sai bayan kwana biyu Gwaggo Dela ta kawo mana waina, ta ajiye kwanon a gabana, ta taɓa gindinsa da yatsa sau biyu tana kallon sama. Da Inna ta shiga banɗaki na ɗaga kwanon. Takarda ce a ninke huɗu, da rubutun ajami ƙanana.

"Bayan gaisuwa. Daktur ya duba jinin. Tsutsa ce a cikin zuciyarsa, dogaye kamar taliya. Sauro ke kawo ta, mai yiwuwa tun a ƙasar da jirgin ya fito. Akwai allura, irin wadda ake yi wa karnukan Turawa, amma ita kanta guba ce. Sai ya yi ƙwari zai iya ɗauka. Ki ba shi hanta da shinkafa, ban da gishiri. Hamad."

Na karanta sau biyu. Tsutsa a zuciya. Na dubi karen, shi ma ya dube ni, na tashi na ɗora tukunya.

Wata biyu na yi ina kiwonsa. Na ware masa kwano, na ware zanen da nake ɗaurawa in zan taɓa shi, in lokacin salla ya yi in canza. Duk abin da bakinsa ya taɓa sai na wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa, Inna na tsaye a kaina tana ƙirgawa da ƙarfi. Hannuna ya yi kaushi ya tsattsage. Na ji daɗin hakan, in dai abin da nake ji za a kira shi daɗi, don kafin in gama wanki rana ta yi nisa. Da yamma in turara masa hayaƙi saboda sauro. Haƙarƙarinsa ya fara ɓuya, gashinsa ya fara sheƙi. Ba ya haushi, ba ya wasa. Da la'asar ta yi sakaliya sai ya fito ya kwanta yana fuskantar ƙofa, ya sa haɓarsa a kan ƙafafunsa, har a kira magariba. Ni ma a daidai lokacin nake samun kaina zaune a kan turmi ina kallon ƙofar. Ba mu taɓa duban juna a wannan lokacin ba.

Duk Juma'a Usuman yakan zo, ƙanin Malam, da kifi a cikin jarida. Ba mugun mutum ba ne, kada ku tsane shi. Da can abokin wasana ne, yakan ce miyata ta fi ta kowa ruwa. Yanzu wasan ya mutu, ya koma yin magana da murya irin ta mai gida.

"Matar yaya, ana magana a masallaci fa. Ranar da kika fita takaba wannan abin zai bar gidan nan."

"Ina zai je?"

"Inda ya fito."

In ya tafi sai Inna ta matso da tabarmarta.

"Mastura, iƙamarki, takardar zamanki a ƙasar nan, a kan sunan wa take?"

"Na Malam."

"To Malam yana ina? Ke ba ɗa ba, ba uba ba. Usuman ya san ki, kin san shi, gida ɗaya ne, kafili ɗaya ne, ubangidan da ya tsaya muku a wurin hukuma. Ban ce komai ba fa, takaba kike. Na dai ce ki yi tunani."

"To, Inna."

"Kullum to, Inna. Ke ko dutse aka faɗa wa magana ai ya motsa."

Da gaskiyarta. Da ta ce gobe za a ɗaura da Usuman, to zan ce. Da ta ce da mai ruwa za a ɗaura, shi ma to zan ce.

Ranar da na cika kwana ɗari Hamad ya zo da 'yar jakar fata. Allura huɗu ce a jijiya, safe da yamma, kwana biyu. Rayyis bai yarda kowa ya riƙe kansa ba sai ni, don haka Inna ta haƙura na fito, na ja mayafi har hancina. Ita da Gwaggo Dela suka zauna a kan tabarma suna gadinmu kamar masu jiran a yanka rago. Hamad yana warin tumaki da sabulu. Bai ɗago ya dube ni ba ko sau ɗaya.

Da ya gama ta huɗun ya wanke hannu, ya ciro wata gajeriyar igiya daga aljihu.

"Hajiya, yanzu aikin ya fara. Ki saurare ni da kyau. Tsutsotsin za su mutu a ciki, su rududduge a hankali. In zuciyarsa ta buga da ƙarfi, gutsattsarin zai taso ya toshe masa huhu. Kwana arba'in, ba gudu, ba tsalle. Zai ji sauƙi, zai so ya yi wasa, kada ki yarda. Ko murna kada ya yi."

"Murna ma?"

"Ita ta fi komai haɗari."

"To ya zo gidan da ya dace," na ce.

Gwaggo Dela ta yi dariya ta kama bakinta. Hamad bai yi ba. A karo na farko ya ɗago ya dube ni ta saman gilashinsa, sannan ya mayar da idonsa kan igiyar.

"Sau uku a rana ki fito da shi ya yi bukatarsa. Taku goma, ki mayar da shi. Ki naɗa igiyar a wuyan hannunki sau biyu, haka. Ko ya fizga ba za ta kuɓuce ba, sai dai ta ƙuje ki. Ƙofa kuma kullum a sakace."

Na bi maganarsa kamar karatun allo. Na sa wa sanduƙin murfi. Na roƙi Inna ta daina daka da rana, ta riƙa kai turmi gidan Gwaggo Dela, ta yi ta mita amma ta kai. A kwana na bakwai zazzaɓi ya kama shi, ya ƙi cin abinci, na riƙa ɗiga masa romo da cokali. A na goma ya ci. A na sha biyu ya kaɗa mini jela, na ce masa, "Kai, an hana," ya daina.

Takardu suka ci gaba da zuwa a ƙarƙashin waina. Yawancinsu layi biyu ne. "Ki duba dasashinsa, in ya yi fari ki aiko." "Tari kaɗan ba komai, jini ne abin tsoro." Ni kuma in rubuta a bayan takardar: "Ya ci. Bai yi tari ba." Ta ranar sha biyar ce ta zo da ƙari.

"Daktur ya ce Turawa ma ba sa iya tsare kare haka. Na ce masa ai ba kowa ba ce. Duk gidan da mai irin wannan haƙurin ta shiga ya yi sa'a. Ban faɗi abin da shari'a ta hana ba. Hamad."

Na gane. Mai takaba ba a neman aurenta a fili, sai dai a yi mata ishara, kuma ga isharar. Na san in wata ce za ta ji ƙirjinta ya buga, ko ta ji haushi. Na sa hannu a nawa ƙirjin in ji ko wani abu zai motsa. Na juya takardar na rubuta: "Ya ci. Ya yi tari sau ɗaya."

Inna ba ta karatu, amma tana karanta fuskar Gwaggo Dela.

"Wainar nan ta yi yawa a gidan nan," ta ce da yamma. "Mai gilashin nan, kare yake jinya ko mutum?"

Sai ta sauya hanya. Ta nuna ƙusar da ke bayan ƙofar ɗaki, inda rigar aikin Malam ta biyu take rataye da rawanin nan ruwan ɗorawa. Sauran kayansa tuni an raba wa 'yan'uwa da mabukata, kamar yadda ake yi. Waɗannan biyun ne kawai ban miƙa ba, kuma ba wanda ya tambaya.

"Kayan mamaci ba a barinsu a rataye. Ɗan'uwansa ya sa, lada ya kai masa. Kafili ya ba Usuman gurbin yayansa, jibi zai fara. Da wace rigar zai je?"

Na tashi na sauke su. Rigar kaki ce, da faci a kafaɗar dama inda buhu ya cinye, ni na ɗinke shi da baƙin zare don ba ni da ruwan ƙasa. Na ninke ta da kyau, na ɗora rawanin a kai, na miƙa wa Inna. Ko sunsunawa ban yi ba. Ban yi tunanin komai ba, wallahi, ban kuma tuna cewa keken Malam yana can a mina tun ranar Talatar ba.

Ranar Asabar, kwanan Rayyis goma sha tara da allura, ni kuma saura kwana goma sha ɗaya in fita. La'asar ta yi sakaliya. Inna tana madafa tana soya albasa. Na fito da shi, igiya a naɗe a hannuna sau biyu, ƙofa a sakace. Ina ƙirga takunsa. Muna kan na shida.

Sai ƙararrawar keke ta kaɗa a kwanar lungu, sau biyu.

Kekuna da yawa suna wucewa ta nan, kuma kowa yana kaɗawa don kwanar makauniya ce. Amma wannan ƙararrawar ta tsage tun da daɗewa, ƙararta a dishe take. A duk Karantina guda ɗaya ce.

Rayyis ya sandare. Kunnensa mai lafiya ya miƙe. Wani siririn kuka ya fito daga maƙogwaronsa, jikinsa duka ya ɗauki rawa. Na san abin da ya kamata in yi. In durƙusa in rungume shi, in rufe masa ido, in mayar da shi sanduƙi. Hamad ya faɗa mini, na kuma haddace.

Maimakon haka na sa idona a kafar allo.

Rawani ruwan ɗorawa. Rigar kaki. Baƙin zarena a kafaɗar dama. Kan nan a ɗan karkace, gwiwoyi a buɗe saboda keken ya yi masa gajarta. Rana tana bayansa, ba a ganin fuska.

Masu karatu, ni na ninke rigar nan da hannuna. Na san wanda aka ba. Amma ban ga gawa ba, ban ga likkafani ba, kwanon shinkafa kawai aka kawo mini. Ashe duk kwanakin nan da nake zaune a kan turmi ba haƙuri nake ba, jira nake. A cikin ƙirjina wani abu ya ce, ga shi nan, dama kuskure aka yi, wani ne aka binne. Farin ciki ya taso mini tun daga tafin ƙafa, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar aurena. Hannuna na dama ya zare sakata. Igiyar ta dame ni, tana ja na baya, ina so in gyara mayafina kada ya gan ni haka. Na warware ta, naɗi ɗaya, naɗi biyu, na sake.

Rayyis ya fita kamar an harba shi.

Ban taɓa ganin gudunsa ba sai ranar. Ashe haka yake da kyau. Ya miƙe a lungun, igiya tana binsa a ƙasa, yana haushi da wata murya da ban san yana da ita ba. Mai keken ya taka birki ya diro.

"Kai! Kai! Wa ya saki wannan abin?"

Muryar Usuman ce.

Rayyis ya riga ya yi tsalle ya ɗora ƙafafunsa a kan rigar. Ya sunsuni ƙirjin, jela tana kaɗawa. Ya sunsuni hannun. Jelar ta rage sauri. Ya sauko, ya zagaya bayan keken ya duba, ya leƙa kwanar lungu, ya dawo ya sake sunsunar rigar. Sannan ya tsaya cak, ya sunkuyar da kai, ya yi tari. A tari na uku kumfa ta fito ja.

Ban san lokacin da na tsallake ƙofar ba. Na dai ga kaina a tsakiyar lungu, ba takalmi, mayafi ya zame, kan karen a cinyata. Numfashinsa yana fita gajere gajere, harshensa ya canza launi. Inna tana kiran sunana daga ƙofa. Mutane suka fara fitowa, mai takaba a titi rungume da kare, ai abin kallo ne.

"Matar yaya, ki koma ciki, don Allah," in ji Usuman. "Ni ban yi masa komai ba."

"Cire rigar."

"Me?"

"Cire ta ka ba ni."

Ya cire, ya rage daga shi sai 'yar shara. Na shimfiɗa ta a ƙarƙashin kan Rayyis. Usuman ya dube mu, ya juya keken da kansa ba wanda ya aike shi.

"Bari in kira mai gilashin."

Kafin su dawo an kusa kiran magariba. Rayyis ya tura hancinsa cikin facin kafaɗar, ya ja numfashi, ya sake ja, daga nan ban ƙara jin motsi a cinyata ba. Na ci gaba da shafa kunnen nan karyayye. Farin zanena ya ɓaci da jini da yawu, ina ta tunanin sau nawa zan wanke shi.

Hamad ya sauko daga bayan keken da jakarsa. Ya durƙusa, ya sa hannu a ƙirjin, ya daɗe. Ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga.

"Halas, shi ke nan," ya ce a hankali.

Ya kwance igiyar daga wuyan karen, ya bi ta da yatsa daga farko har ƙarshe. Ba ta tsinke ba.

"Yaya aka yi?"

Inna ta riga ta iso ta rufa mini mayafi. Ita ta amsa, da sauri.

"Fizgewa ya yi, ɗana. Ƙarfinsa ya dawo, ka san dabba. Ƙofar ma mai ruwa ne ya bar ta a buɗe. Yarinyar nan ta yi iya yinta, kowa shaida ne."

Mai ruwa tun hantsi ya zo, Inna ta sani. Rufa mini asiri take, a gaban unguwa, a gaban Usuman, a gaban mutumin da ta san yana rubuto takarda. Da na yi shiru da maganar ta zauna haka har abada. Hamad ya ɗago kai. Idonsa ya sauka a kan wuyan hannuna na hagu, inda ya ce igiya za ta ƙuje ni. Fatar lafiya lau take, ko ja ba ta yi ba.

"Ni ce," na ce. "Ni na zare sakata, ni na kwance shi."

"Mastura, rufe bakinki," in ji Inna.

"Na zaci Malam ne."

Usuman ya kai hannu ya sauke rawanin daga kansa. Hamad ya naɗe igiyar a hankali ya sa a aljihunsa, bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba.

"Na zaci Malam ne," na sake cewa, don na ji kamar ba su ji ba. A na ukun maganar ba ta fito ba, wani abu ne ya fito a madadinta, mai ƙara, mai muni, har na tsorata da shi kafin in gane daga bakina yake. Na kifa fuskata a kan rigar da karen duka. Na kira sunansa, sunansa na gaskiya, wanda ban taɓa furtawa ba, a tsakiyar titi, a gaban ƙaninsa.

Na ji wata mata a bayana tana cewa, "Ikon Allah. Miji ya mutu ido a bushe, kare ya mutu ana birgima."

Gwaggo Dela ta ajiye kwanon wainarta a ƙasa, ta durƙusa ta dafa bayana.

"Ku ba ta wuri," ta ce. "Yau ne mijinta ya mutu."